A BUƊE TAGOGI, A RAGE 'YAN DUBIYA

Asibiti wurin neman lafiya ne, amma idan aka yi sakaci ya kan zama kasuwar cuta. Tarin fuka a iska ya ke tafiya. Sa'ad da mai shi ya yi tari, ƙwayoyin cutar su kan jima suna yawo cikin ɗaki, wanda ya shigo ya shaƙa. Musafaha da cin tuwo a akushi ɗaya ba su ne hanyarsa ba.

Akwai wani irinsa wanda ba ya jin manyan magunguna biyu, watau rifampicin da isoniazid. Mafarinsa sau da yawa yanke shan magani ne. Falke ya ga tarin ya lafa, ya ajiye ƙwayoyi ya kama hanyar fatauci, cutar ta farfaɗo da taurin kai. Sa'an nan ya raba ta ga waɗanda ba su taɓa shan maganin ba ko sau ɗaya.

Abin da ya auku a garin Tugela Ferry na Afirka ta Kudu ya isa wa'azi. A 2006 likitoci suka ba da labarin majiyyata 53 masu irin da ya fi kowane tsanani, 52 suka rasu. An ga alamun cewa da yawansu a asibiti suka ɗauka. Nijeriya kuwa tana cikin ƙasashen da wannan cuta ta fi yawa a duniya.

Tsarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shimfiɗa hawa uku ne. Na fari, a ware mai tari tun daga bakin ƙofa, a gwada kakinsa da na'urar GeneXpert wadda ke ba da amsa cikin kamar sa'a biyu, a soma magani nan da nan, domin maganin da ya dace ya kan karya yaɗuwar da sauri. Na biyu, iska. A 2007 an buga wani bincike da aka yi a Lima ta ƙasar Peru, inda aka tarar buɗe ƙofofi da tagogi na sauya iskar ɗaki kamar sau 28 a sa'a, tsofaffin gine-gine masu dogon rufi kuwa har sau 40. Na uku, takunkumi: majiyyaci ya rufe baki da hanci, ma'aikaci ya sa irin wanda a ke kira N95.

To, nan ne nauyi ya hau kan jama'a. Dubiya ibada ce, amma mutum goma su cika ɗakin mai wannan tari, har da goyo, a kuma ja taga saboda hunturu, wannan cutar da kai ne. Ya kamata a bar mai jinya ɗaya, sauran su gaishe shi a fili inda iska ke kaɗawa. Malamai sun san Sayyidina Umar ya juyo daga hanyar Sham da ya ji labarin annoba, bai kuwa fita daga tawakkali ba.

Saboda haka lalle ne limamai su faɗi wannan a huɗuba. Almajirin da ya yi mako biyu yana tari, a ɗauke shi daga zauren kwana a kai shi gwaji, ko a Saye ta Zariya, ko Asibitin Zana na Kano, ko asibitin da ya fi kusa. Maganin kyauta ne, kuma tun 2022 Hukumar ta yarda da wanda a ke sha wata shida. Attajirai kuma su tuna, rumfar jira mai shan iska a harabar asibiti sadaka ce mai gudana. Rigakafi ya fi magani.

Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya tsare masu jinyarsu, amin.