Numfashin Masu Tsere a Kan Dusar Ƙanƙara

Wannan makon za mu leƙa ƙasar Norwe, inda yara ke koyon zamiya a kan dusar ƙanƙara tun suna ƙanana. Tseren dogon zango muke nufi: mutum ya ɗaura dogayen alluna biyu a ƙafa, ya riƙe sanduna biyu, ya yi ta tura kansa cikin daji, hawa da gangara, wani lokaci har kilomita 50.

Hannu na aiki, ƙafa na aiki, gadon baya ma haka, kuma kowace tsoka iskar oksijin take nema. Masana na auna iyakar oksijin da jiki ke iya amfani da shi cikin minti ɗaya, sunan ma'aunin VO2max. Akan rufe wa ɗan wasa baki da hanci da wata na'ura, ya hau injin gudu, a yi ta ƙara masa sauri har ya gaza. Saurayi lafiyayye da ba ya atisaye yakan samu mililita 40 zuwa 45 a kowane kilo na nauyinsa. An ruwaito cewa Bjørn Dæhlie, wanda ya ci lambobin zinare 8 a Olamfik tsakanin 1992 da 1998, ya kai 96. Ku tuna darasin bayoloji: zuciya ce ke ɗaukar babban nauyin, domin ita ke harba jinin da ke dakon iskar.

A wurin hawa ne lambar ke nuna kanta. Kusan kashi ɗaya cikin uku na filin tsere hawa ne, amma shi ke cin kusan rabin lokacin, kuma nan ake barin mutum a baya.

To sai dai auna matasa na da ruɗu. Ɗan shekara 14 da ya riga sa'anninsa balaga zuciyarsa ta fi girma, jininsa ya fi yawa, sai ya yi ta lashe gasa. Bayan shekara uku sauran su kamo shi. Ga kuma gwanintar tura sanda da ƙarfin damtse, waɗanda lambar ba ta faɗa. Oskar Svendsen, ɗan tseren keke ne shi a Norwe, an auna masa 97.5 yana ɗan shekara 18, ya zama zakaran matasa na duniya a 2012, amma a 2014 ya ajiye wasan.

Mu dai tsarin Norwe ya burge mu. Dokar wasannin yara a can ta hana gasar ƙasa kafin shekara 13, don kada a yi saurin yanke wa yaro hukunci. Manyan 'yan wasansu kuwa mafi yawan atisayensu a hankali suke yinsa, sa'o'i masu yawa, da saurin da mutum zai iya hira da abokin tafiyarsa. Idan zafi ya shigo ƙanƙara ta narke, sai su ɗaura alluna masu taya su hau kwalta.