Firojet ɗinka yana cika alƙawari kuwa?

'Yan'uwa ɗalibai, musamman 'yan lantarki da 'yan kwamfuta, akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Mun ɗauka in na'ura tana da sauri, shi ke nan ta haɗu. Ni kuwa ina ganin a aikin injina, sauri daban, cika alƙawarin lokaci daban, kuma na biyun ne ke raba firojet na gaskiya da na nuna wa malamai.

Bara na haɗa injin sakin iri da Raspberry Pi 4, na kai shi gonar kawuna a Kibiya. A ɗaki lafiya lau yake juyawa. A gona kuwa, da zarar ya fara tura bayanai zuwa wayata, sai motar ta riƙa sarƙewa, iri ya zuba biyu a nan, babu a can. Kawu ya dube ni ya ce, "Ɗana, ai gara hannuna." Wallahi gaskiyarsa, kuma laifin nawa ne.

Ga abin da ke faruwa. Idan wata na'ura ta katse furosesa, kamar saƙo ya shigo, kanel na Linux yakan yi ɗan abin da ya zama dole nan take, sauran ya jefa shi a layin jira, wasu ma'aikata da ake kira kworker su ƙarasa daga baya. In ba ka ce komai ba, galibi aikin yakan zauna a kan ƙwaƙwalwar da aka jefa shi. Raspberry Pi 4 ƙwaƙwalwa huɗu gare shi, amma ni na bar komai ya cakuɗe: mai buga wa mota bugu da masu share-share duk a wuri ɗaya. Kamar ka sa yaro gadin bakin famfo, sannan ka riƙa aikensa sayen goro.

Maganin ba boyayye ba ne. Da isolcpus za ka keɓe ƙwaƙwalwa ɗaya ga aikin da ba ya jira. In kai ka rubuta direban, queue_work_on zai ba ka damar cewa aikin jira ya tafi ƙwaƙwalwa kaza, ba wadda ka keɓe ba. Sai ka auna da cyclictest, ka dubi jinkiri mafi muni, ba matsakaici ba. Tun daga Linux 6.12 na shekarar 2024, PREEMPT_RT ya shiga cikin kanel ɗin kansa bayan kusan shekara 20 ana aiki a kansa, don haka uzurinmu ya ragu.

Wani zai ce, "Kai malam, sayi Arduino ka huta." Ban musa ba. In aikin ƙarami ne, shi ya fi arha kuma ya fi tabbas. Keɓe ƙwaƙwalwa ɗaya cikin huɗu asarar kwata ce, kuma in shirinka ya danne ta ba hutu, kworker ɗin da ke wurin zai rasa numfashi, har na'urar ta iya daskarewa. Amma ranar da aka ce inji ɗaya ya riƙe kyamara, intanet da mota gaba ɗaya, dole ka san rabon aiki. Wutarmu zagaye 50 take yi a daƙiƙa, wato kowane zagaye kashi 20 cikin 1,000 na daƙiƙa. Wanda ke haɗa inbata ba shi da lokacin "bari na zo".

Ko manya sun sha wannan. A 1997 na'urar Pathfinder da Amurka ta sauke a duniyar Mas ta riƙa kashe kanta tana tashi, saboda ƙaramin aiki ya riƙe abin da babban aiki ke jira.

Mu da ke karatu a Rano, ga ruwan Tiga a gefenmu, ga manoman rani, ga masu injin casa da niƙa. Su ne za su yi mana jarrabawar gaske. Ina kira ga ƙungiyarmu ta shirya bita ta yini ɗaya kan wannan kafin lokacin firojet, kuma kowa ya sa awon jinkirin na'urarsa a rahotonsa, ko ba a tambaye shi ba. Allah ya ba mu sa'a.