'YANCIN ƊALIBI NA YIN ƘORAFI: RAINI NE KO GYARA?

Duk wanda ya tashi daga Gwarzo ko Kabo zai shiga Kano, sai ya bi ta gaban sabon mazaunin Jami'ar Bayero, domin a kan hanyar Gwarzo aka gina shi. Manoman Getso da Garo da Kutama da yawa sun sha leƙen wannan ƙofa ta tagar mota suna yi wa 'ya'yansu fatan shiga. Idan Allah ya cika burin, akan sayar da buhun masara ko na gyaɗa, wani lokaci har da ɗan bijimi, a biya kuɗin rajista. Ranar tafiya kuwa nasihar uba ba ta wuce guda: a bi malamai sau da ƙafa, kada a yi jayayya da na gaba.

Nasiha ce mai kyau, amma akwai abin da ta bari. A ɗauka, alal misali, wannan yaro ya rubuta jarrabawa, sakamako ya fito aka ce bai zauna ba. Ko kuwa a kira shi gaban kwamiti a kan zargin satar amsa, a sallame shi ba tare da an nuna masa takardar da aka ce an kama shi da ita ba. Yaya zai yi? In ya yi shiru, bijimin babansa ya tafi a banza. In ya yi magana, yana tsoron a ce ba shi da tarbiyya. Ra'ayin wannan maƙala shi ne, ɗalibi yana da 'yancin ya nemi a sake duba duk hukuncin da ya shafe shi, kuma jami'ar da ta buɗe wa wannan 'yanci ƙofa kanta ta yi wa gata.

Da farko dai, kai kuka ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Talakan da mai unguwa ya danne yakan je wa dagaci, in bai sami biyan bukata ba ya wuce gun hakimi, har magana ta kai fadar sarki. Wanda bai gamsu da hukuncin alƙali ba yana da damar ɗaukaka ƙara. A zauren karatu ma, almajirin da ya ga ƙaulin malaminsa ya saɓa wa abin da ke cikin littafi yakan buɗe littafin cikin ladabi ya nuna, malamin kirki kuma sai ya sa masa albarka. Ba a taɓa kiran wannan raini ba. Hausawa da kansu suka ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. To, in haka abin yake a ƙauye da zaure, ina dalilin da zai sa jami'a, wadda aka kafa don bincike da kafa hujja, ta zama wurin da ba a tambayar dalili?

Dokar ƙasa ma ba ta yi shiru ba. Sashe na 33 na tsarin mulkin 1979 ya tabbatar wa kowane ɗan Nijeriya haƙƙin a saurare shi cikin adalci kafin a yanke masa hukunci, kuma wannan haƙƙi shi ne yake a sashe na 36 na tsarin mulkin 1999. Shari'ar da ta fi fito da ma'anarsa ga ɗalibai ita ce ta Garba da 'yan'uwansa da Jami'ar Maiduguri. A watan Fabrairu na 1983 aka yi tarzoma a wannan jami'a, aka yi ƙone-ƙone da ɓarnar dukiya. Hukuma ta kafa kwamitin bincike a ƙarƙashin Mataimakin Shugaban Jami'a, alhali kuwa shi kansa yana cikin waɗanda ɓarnar ta shafa. Daga baya aka kori wasu ɗalibai. Suka garzaya kotu, Gani Fawehinmi ya tsaya musu, aka yi ta fafatawa har Kotun Ƙoli. A 1986 kotun ta soke korar. Hujjarta kuwa a fili take: wanda aka yi wa laifi ba ya zama alƙali a cikin shari'arsa, sannan laifuffuka irin su ƙone gini da sata aikin kotu ne ta tabbatar da su, ba aikin kwamitin jami'a ba.

Abin lura a nan shi ne, kotu ba ta ce tarzoma daidai ba ce, ba ta kuma wanke kowa daga zargi ba. Abin da ta duba shi ne hanyar da aka bi. Ko da mutum ya yi laifi, sai an gaya masa abin da ake tuhumarsa da shi, an ba shi dama ya kare kansa, kuma a gaban wanda ba shi da gaba da shi. Wannan shi ne ginshiƙin maganar gaba ɗaya.

Sai dai kada ɗalibai su ɗauka kotu za ta zama musu wurin gyara maki. A 1985, cikin shari'ar Akintemi da Onwumechili wadda ta taso daga Jami'ar Ife, Kotun Ƙoli ta ƙi tsoma baki a kan batun sakamakon jarrabawa, ta nuna cewa tantance wanda ya ci da wanda ya cancanci digiri hurumin majalisar malaman jami'a ne, kuma a fara bin matakan cikin gida. Wannan ma gaskiya ce. Alƙali bai san nahawun Hausa kamar malamin da ya shekara ashirin yana koyar da shi ba. Amma hurumin yana da iyaka. A 2014, cikin shari'ar Jami'ar Ilori da Adesina, kotun ta goyi bayan wata ɗaliba da aka riƙe wa sakamako shekara da shekaru bayan ta shiga gwagwarmayar ɗalibai. Wato dai auna ilimi na malamai ne, amma riƙe haƙƙin mutum ba tare da dalili ba, wannan kotu tana da ta cewa a kansa.

Masu adawa da wannan ra'ayi suna da hujjarsu, kuma ya kamata a saurare su. Sukan ce in aka sakar wa ɗalibai wannan linzami, duk ragon da ya faɗi jarrabawa sai ya rubuta takardar ƙorafi, malamai su bar koyarwa su koma zaman kwamiti, kwarjinin malami kuma ya zube. Sukan ƙara da cewa ɗalibai ba su san iyaka ba, daga ƙorafi sai jifa. Lalle akwai ƙamshin gaskiya a nan, domin an sha ganin inda ɗalibai suka farfasa tagogin ɗakin karatun da ƙannensu za su zauna a ciki gobe. Amma a koma ga tarihi a ga abin da ya fi haifar da jifa, buɗe ƙofa ne ko rufe ta?

A 1978 aka ƙara wa ɗaliban jami'o'i kuɗi, ciki har da kwabo 50 a kan abincin kowace rana. Ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa, a ƙarƙashin Segun Okeowo, ta nemi gwamnatin Janar Obasanjo ta janye ƙarin, ba a biya mata bukata ba. A watan Afrilu rikici ya ɓarke, wanda ake kira da sunan Kwamishinan Ilimi na lokacin, Kanar Ahmadu Ali. Aka harbe ɗalibi a Legas, aka kashe wasu a Samaru ta Zariya, aka rufe jami'o'i, aka haramta ƙungiyar. Shekara takwas bayan haka, a 1986, ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello suka yi jerin gwano don tunawa da mamatan 1978. Hukuma ta hukunta shugabanninsu, ɗalibai suka ƙi amincewa, aka kira 'yan sanda, ranar 23 ga Mayu aka sake zubar da jini. A duka biyun, abin da ya faro ba shi da girman da za a rasa rai a kansa. Da akwai wurin da ɓangarorin biyu za su zauna, wanda kowa ya yarda da adalcinsa, da wataƙila ba a kai ga haka ba. Ruwan da aka tare ba a yi masa magudana ba, shi ne yake cin gari.

Game da kwarjini kuwa, malamin da ya tabbata da makinsa ba ya tsoron a sake duba takarda. In aka duba aka ga daidai ya yi, girmansa ƙaruwa zai yi, ɗalibin kuma ya koma ya yi karatu da hujja a gabansa. In aka ga kuskure, to malami ɗan Adam ne, mai haɗa makin ɗaruruwan takardu a 'yan kwanaki ba ya rasa tuntuɓe. Wanda wannan tsari zai tona wa asiri shi ne mai sayar da maki da mai ramuwar gayya da alƙalami, kuma babu jami'ar da za ta so ta zama rumfar irin waɗannan.

Akwai kuma wani dalili da ya shafi 'yan karkara musamman. Ɗan birni wanda mahaifinsa babban ma'aikaci ne, in aka taɓa shi, waya ɗaya ta isa. Akwai wanda zai shiga ofishin shugaban sashe ya yi magana a madadinsa, akwai kuɗin lauya in ta kai ga haka. Ɗan manomin Kabo ba shi da ko ɗaya. Waɗanda suka kai ƙara a Maiduguri sai da suka jira shekara uku, kuma ba kowa ne zai sami lauyan da zai tsaya masa har Kotun Ƙoli ba. Saboda haka inda babu rubutacciyar hanyar ƙorafi, ba a hana ƙorafi ba ne, an dai mayar da shi na masu uwa a gindin murhu. Rubutacciyar ƙa'ida ita ce gatan marar gata.

Abin da ake bukata ba mai wuya ba ne. A rubuta matakan ƙorafi dalla-dalla cikin littafin jagoran ɗalibai, daga malamin darasi zuwa shugaban sashe, zuwa shugaban tsangaya, har majalisar jami'a, a kuma bayyana su ga sababbin ɗalibai tun makon farko, da Turanci da Hausa. A sa wa kowane mataki wa'adi, don kada takarda ta kwana a durowa har shekarar karatu ta wuce. Kuɗin sake duba takardar jarrabawa kada ya fi ƙarfin talaka, kuma a mayar wa ɗalibi abinsa in ya yi gaskiya. Wanda ake tuhuma a ba shi tuhumar a rubuce, ya ga shaidar da aka kafa a kansa, a bar shi ya zo da wanda zai taya shi magana. Malamin da ya kai ƙara kada ya zauna cikin masu hukunci. Hukuncin da ya shafi kowa, kamar ƙarin kuɗin rajista, a zauna da wakilan ɗalibai tun kafin a sanar da shi. Sannan a tabbatar babu wanda za a bi da bi-ta-da-ƙulli don ya yi ƙorafi.

Su ma ɗalibai akwai nasu nauyin. Mai neman a bi ƙa'ida a kansa, shi ya kamata ya fara binta. Ya karanta dokokin makarantarsa, ya adana rasit da takardun rajista, ya rubuta kukansa da ladabi da hujja, ya bi matakai ɗaya bayan ɗaya, kada ya tsallake shugaban sashe ya ruga gidan rediyo. Ƙungiyoyin ɗalibai na ƙananan hukumomi, irin na 'yan Gwarzo da na 'yan Kabo, za su fi amfani in suka mayar da hankali ga wayar da kan ƙannensu a kan waɗannan abubuwa, maimakon shirya liyafar ƙarshen shekara kawai.

Daga ƙarshe, yaron da ya koyi neman haƙƙinsa da takarda da hujja a jami'a, shi ne gobe zai zama alƙali ko shugaban makaranta ko sakataren ƙaramar hukuma, talaka ya zo gabansa da kuka. Wanda aka saurara ya fi kusa da sauraron wani. Don haka nasihar uba tana nan daram, a girmama malami, sai dai a ƙara mata ɗaya: in an ga kuskure a faɗa, ta hanyar da ta dace, ga wanda ya dace. Allah ya ba shugabanni haƙurin saurare, ya ba ɗalibai ladabin magana.