A Fara Da Farilla Kafin Nafila: Magana Ga Masu Gina Shafukan Intanet

A wata Laraba cikin watan da ya shige, ɗan ƙanwata ya same ni a gida bayan sallar Azahar, waya a hannu, rai a ɓace, yana neman in duba masa wani fom da ya kwana biyu yana fama da shi a shafin wata ma'aikata da ba zan ambaci sunanta ba. Ya ce, "Kawu, na cika komai, na danna maɓallin aikawa ya fi sau ashirin, ko motsi ba ya yi." Na karɓi wayar, irin ƙananan nan ce masu araha da talaka yake iya saya, na danna da kaina, maɓallin yana nan shuɗi, gwanin sha'awa, amma bai amsa ba. Sai da muka taka zuwa shagon kwamfuta na bakin titi, muka biya kuɗi, aka buɗe shafin a babbar na'ura mai netwok mai ƙarfi, sannan ya motsa. Da ya motsa ɗin kuma, abin da ya fara gaya mana da jan rubutu shi ne sunan mahaifin yaron bai inganta ba, saboda akwai alamar hamza a tsakiyarsa. Mai shagon ya ce, "Alhaji, a cire ta kawai, haka muke yi wa kowa." Aka cire, fom ya wuce, yaron ya yi shiru har muka isa gida.

Na daɗe ina koyar da matasa sana'ar gina shafukan intanet, saboda haka na san inda gizo yake saƙar, kuma ina ganin ya wajaba in yi bayaninsa a fili, domin aibin nan biyu, maɓallin da ya ƙi amsawa da sunan da aka ƙi karɓa, tushensu ɗaya ne. Duk shafin da mutum ya buɗe a burauza, abubuwa uku ne suka haɗu suka tayar da shi. Akwai HTML, wanda shi ne matani, wato kalmomin da kanun da akwatunan cikewa. Akwai CSS, mai kula da launi da tsari. Sannan akwai JavaScript, harshen umarni da burauza take karantawa ta aiwatar a cikin wayarka, wanda Brendan Eich ya tsara wa kamfanin Netscape a Amurka a shekarar 1995 cikin kimanin kwana goma, aka kuma rubuta masa ƙa'ida a 1997 da sunan ECMAScript don kada kowane kamfani ya kama gabansa. Idan burauza ta karanta matanin, takan gina shi a ƙwaƙwalwarta tamkar bishiya mai rassa, kowane sakin layi reshe ne, kowane maɓalli reshe ne, kuma wannan bishiyar ce masana suke kira DOM. Galibin aikin mai rubuta umarni bai wuce ya kama reshen da yake so da querySelector ba, ya ɗora masa mai sauraro da addEventListener, ya ce masa idan an danna ka yi kaza, idan an rubuta harafi ka yi kaza. Wanda ya fahimci wannan ya riƙe asalin fannin, sauran duka furu'a ne.

Ba na cikin masu ƙyamar wannan harshe, kuma rashin adalci ne a musanta falalarsa. Tun da Microsoft ya sanya wa burauzarsa a 1999 hanyar da shafi zai aika saƙo ya karɓo amsa ba tare da an sake loda shi gaba ɗaya ba, dabarar da Gmail a 2004 da Google Maps a 2005 suka fito da darajarta har aka laƙaba mata suna Ajax, shafin intanet ya tashi daga takardar karatu ya zama wurin aiki. Da ita ce kake zaɓar jiharka sai jerin ƙananan hukumominta ya bayyana nan take, da ita ce kake ganin jimillar kuɗin kayanka tana sauyawa kana ƙarawa kana ragewa. Wannan ni'ima ce, musamman ga mai ƙaramar data, idan an yi ta bisa ƙa'ida, domin ɗauko layi biyu na amsa ya fi sauƙi a kan ɗauko shafi sukutum.

Abin da nake ƙorafi a kansa shi ne yadda aka mayar da nafila ta zama sharaɗin ingancin farilla. Fom na HTML, tun farkon zamanin intanet, yana iya aika kansa da kansa ba tare da layi ɗaya na JavaScript ba. Burauza ta san aikin, ta gaje shi. Amma da yawa daga cikin masu ginin yau sukan bar maɓallin gaskiya, su zana wani akwati mai kama da shi, su rataya rayuwarsa ga wani tulin umarni mai nauyi da za a ɗauko daga nesa, ta yadda idan netwok ya yanke a tsakiyar hanya, ko wayar ta tsufa ba ta gane wani sabon lafazi guda ɗaya a cikin tulin ba, sai shafin ya tsaya cak da kyakkyawar fuskarsa, mai amfani kuma ya zargi kansa ko wayarsa. Ma'aikatan shafin gwamnatin Birtaniya sun auna wannan a 2013, suka tarar cewa mutum ɗaya cikin kowane 93 da ke ziyartar shafinsu umarnin ba ya aiki a wurinsa, kuma mafi yawan waɗannan ba kashe shi suka yi ba, isowa ce bai yi ba ko ya lalace a hanya. Idan haka abin yake a ƙasar da layukan sadarwa suka wadata, mai karatu ya kiyasta da kansa halin wanda yake hawa tudu a bayan gari don ya sami sanda biyu ta netwok, ko wanda yake amfani da Opera Mini don tsimin data, burauzar da a yanayinta na matsanancin tsimi take sarrafa shafi a na'urorin kamfaninta, ta ba umarni 'yan daƙiƙu kaɗan, sannan ta aiko da abin da ya samu.

Akwai kuma wani nauyin da ba a cika lura da shi ba. Hoto idan ya sauka, nuna shi kawai za a yi, amma umarni idan ya sauka sai wayar ta karanta shi, ta fassara shi, ta aiwatar da shi, kuma burauza tana yin wannan aikin ne a layi guda da wanda take amsa yatsan mai amfani, saboda haka muddin tana cikinsa ba za ta saurari kowa ba. Abin da kwamfutar mai gini take gamawa kafin ƙiftawar ido, ƙaramar waya takan ɗauki daƙiƙu tana nishi a kansa. Mai ginin bai taɓa ganin wannan ba, domin bai taɓa gwada aikinsa a irin wayar da direbansa yake riƙewa ba.

Maganin sananne ne, kuma ba sabo ba ne. Steven Champeon ya yi bayaninsa a wani taro a birnin Austin na Amurka tun 2003, cewa a fara gina shafin da zai yi aiki da matani tsantsa, sannan a ɗora masa ƙari hawa-hawa gwargwadon ƙarfin na'urar mai ziyara. A aikace ga yadda nake koya wa ɗalibaina. Ka rubuta fom na gaskiya da maɓalli na gaskiya, ka sa wa akwatunan da suka zama dole alamar required, burauza da kanta za ta hana a bar su fayau. Bayan ka tabbatar yana tafiya haka, sai ka zo da umarninka ya tsaya a bakin ƙofar aikawa, ya tare fom ɗin, ya aika shi da fetch cikin natsuwa. Idan umarnin bai iso ba, tsohuwar hanya tana nan ba ta rufe ba. Lokacin da saƙon yake kan hanya ka kulle maɓallin, ka rubuta cewa ana aikawa, don kada mai gaggawa ya danna sau uku a cire masa kuɗi sau uku. Idan kuwa aikawar ta faskara, to wajibi ne ka gaya masa da harshen da zai gane, kuma ka bar masa abin da ya rubuta yadda yake, domin babu zaluncin da ya kai a sa mutum ya cika akwati talatin da babban yatsa sannan a share su saboda netwok ya ɗauke na daƙiƙa biyar. Wanda zai ajiye rubutun a ma'ajiyar burauza don wannan dalili, ya tuna cewa jama'armu da yawa a shagon kwamfuta suke cika fom, kuma wani ne zai zauna a kujerar bayan sun tashi. Ya share abin da ya ajiye da zarar an gama, wannan amana ce.

Sauran dabarun ƙanana ne, amma suna da tasiri. Kalmar defer a jikin umarni tana sa burauza ta gama shimfiɗa matani kafin ta waiwaye shi. Akwatin bincike kada ya aika tambaya a kan kowane harafi, ya dakata kamar sulusin daƙiƙa har yatsa ya tsaya. Jadawali mai layi ɗari biyar mai sauraro ɗaya ya ishe shi a kan jadawalin kansa, tun da labarin dannawa yakan hau daga reshe zuwa gindi.

Amma batun sunaye shi ne ya fi ci mini rai, kuma a kansa nake so masu sana'ar nan daga cikin 'ya'yanmu su tsaya su yi tunani. Abin da ya ƙi sunan mahaifin yaron nan wani ɗan gajeren layi ne da ake kwafowa daga darussan ƙasashen waje, wanda yake cewa suna ingantacce shi ne wanda bai fita daga haruffa 26 na Ingilishi ba. Da wannan layi guda an kori Sa'adu da Mu'azu da Asma'u, an kori Ɗanjuma da Ɗahiru, an kori duk wanda garinsu yake da ƙ ko ɓ a sunansa. Alhali haruffanmu masu lanƙwasa sun sami gurbinsu a tsarin Unicode tun shekarun 1990, kuma tun 2018 JavaScript yake da gajeriyar alama da ke nufin kowane harafi na kowane harshe, wadda sa ta tare da alamar hamza a wurin wancan layin ba zai ɗauki minti ɗaya ba. Babu uzurin fasaha a nan ko kaɗan. Taƙlidi ne tsagwaronsa, a ɗauki hukuncin da aka yanke don wasu mutane a zartar a kan wasu ba tare da duba dalili ba. Kuma wanda ya san harshensa zai wuce nan: zai san cewa a Nijeriya ana rubuta 'ya'ya, a Nijar kuma ƴaƴa, zai san cewa mafi yawan mutane ba su da ƙ a allon wayarsu, saboda haka zai sa akwatin bincikensa ya kawo Ƙaraye ko da Karaye aka rubuta. Babu baƙon da zai yi mana wannan ijtihadin, tun da bai san da matsalar ba. Sakamakon sakaci da shi kuma ba ya tsayawa a allon waya, domin sunan da aka gurgunta a fom shi ne zai fito a takarda, kuma ranar da aka tarar takardu biyu sun saɓa da harafi ɗaya, mai sunan ne zai yi ta zarya yana rantsuwa a kotu.

Sai dai kada wani ya fahimci cewa binciken da ake yi a burauza shi ne katangar tsaro. Duk abin da yake gudana a wayar mutum, mutumin yana iya sauya shi, don haka dole na'urar da ke karɓar saƙon ta sake tantance komai. Haka nan abin da baƙo ya rubuta a shafinka, ka nuna shi da textContent, wanda yake ɗaukarsa a matsayin rubutu kurum, ka guji zuba shi a innerHTML, wanda zai iya aiwatar da umarnin da aka ɓoye a ciki. A Oktoban 2005 wani matashi ya cusa umarni a shafinsa na MySpace, kafin kwana ɗaya ya cika ya bazu zuwa asusun mutane fiye da miliyan ɗaya.

Na san abin da ɗalibai za su ce, domin sun sha gaya mini: "Malam, masu ɗaukar aiki React suke tambaya." Gaskiya ne, kuma ban hana kowa koyonsa ba, Facebook ya fitar da shi a 2013 don bukatar shafi mai sassa dubbai da ke sauyawa a kowane lokaci, kuma a irin wannan muhallin ya cancanci nauyinsa. Amma a zaurukanmu ba a ba ɗalibi Alfiyyar Ibn Malik sai ya sauke Ajurrumiya, saboda wanda bai san mubtada'i da habari ba, haddar baiti dubu ba za ta gyara masa i'irabi ba. Na ga matasa masu hazaƙa da za su tayar maka da manhaja cikin yini guda da kayan aro, amma idan maɓalli ya ƙi amsawa ba su san ta inda za su fara dubawa ba, domin ba su taɓa ganin bishiyar da ke ƙarƙashin kayan ba. Fom ɗin neman gurbin karatu mai akwati ashirin bai bukaci abin da aka ƙera don Facebook ba.

Saboda haka ina kira ga shugabannin ma'aikatu da makarantu da bankuna da suke ba da kwangilar irin waɗannan shafuka, kafin su sa hannu a takardar biya, su karɓi wayar masinjan ofishinsu, su fita da ita bakin ƙofa inda netwok yake da rauni, su cika fom ɗin da kansu da sunan Mu'azu Ɗanjuma. Idan ya wuce, su biya. Idan ya ƙi, su mayar wa ɗan kwangila aikinsa ya gyara. Ku kuma 'ya'yana masu wannan sana'a, ku yi wa kanku wannan gwajin tun kafin a yi muku.