Kafin a Sayi Tsohon Injin Niƙa

Ya ku iyayenmu da 'yan'uwana ɗalibai, akwai wata al'ada da ke yaɗuwa a ƙasarmu ta Anka da Gummi da Bukkuyum wadda nake so mu duba. Da magidanci ya sayar da amfanin gona ya ga 'yan kuɗi a hannu, sai ya nemi tsohon injin niƙa wanda wani ya gama sana'a da shi, ya kafa a gida don iyali. Niyyar mai kyau ce, gama kowa ya san wahalar da iyayenmu mata ke sha wajen daka, da yadda yara ke yini a layin inji. Amma ni a ganina wannan ciniki hasararsa ta fi ribarsa.

Da farko, injin sana'a an ƙera shi ne don ya ci buhu-buhu. Gida ɗaya kuwa tiya biyu ko uku zai niƙa a rana. Man da za a ƙona wajen tayar da shi ya fi ladan niƙan tsada. Na biyu, mai sana'a ba safai yake rabuwa da injin da ke kawo masa kuɗi ba, sai ya ga ya fara gajiya. Yau bel ya tsinke, gobe faifan niƙa ya cinye, jibi a tafi Gusau neman bakanike. Araha dai ba ta ado.

Dalili na uku shi ne mafi girma, kuma mu mutanen Tungar Guru mun fi kowa saninsa. A shekarar 2010, ina jariri, likitocin ƙungiyar MSF suka gano cewa gubar dalma ce ke kashe yara a ƙauyukanmu, kamar su Dareta da Abare da 'Yargalma da garinmu. Yara fiye da 400 suka rasu. Dutsen zinariya da ake haƙowa yana ɗauke da dalma, ana kuma niƙa shi cikin gari da irin injin da ake niƙa hatsi. Ƙurar ta bi ƙasa da abinci ta shiga cikin yara. Sai da aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa, Bagega ma ba a yi nata ba sai 2013.

To, wanda ya sayi tsohon inji a kasuwa, ina ya san abin da ya taɓa ci? Ƙurar dalma ba ta da wari, tana maƙalewa a lungunan ƙarfe, dafuwa kuma ba ta kashe ta. Yaro ƙarami ta fi yi wa lahani, don tana taɓa ƙwaƙwalwa. Fenti sabo a bayan inji ba shaida ba ne.

Wani zai ce sabo ya fi ƙarfin talaka. Gaskiya ne. Amma gida biyar ko shida na iya yin karo-karo su sayi ƙarami sabo, a ajiye shi don hatsi kaɗai. Wanda kuma ya nace sai tsoho, to, ya saya wurin wanda ya sani, wanda unguwa za ta shaida bai taɓa zuba dutse a ciki ba. In babu wannan shaida, turmi da taɓarya sun fi.

Rigakafi ya fi magani. Allah ya kiyaye mana ƙannenmu, amin.