TSOKACI: Yaren Aljanu Ma Sai Da Ƙa'ida

Duk mai kallon finafinan Hausa ya san wannan fitowar: boka ya zauna gaban ƙwarya, ya zazzare ido, ya kama surutai wai yaren aljanu yake yi. In aka sake ɗauka, wani surutun daban zai yi. To 'yan kallo fa sun waye. Inda ake so su tsorata, sai ka ji sun fashe da dariya.

A dubi Indiyawa. A fim ɗin Baahubali na 2015, darakta S.S. Rajamouli ya sa marubucin waƙoƙi Madhan Karky ya ƙirƙiro wa mayaƙan Kalakeya yare mai suna Kiliki. Ya tsara kalmomi kusan 750 da ƙa'idojin nahawu kamar 40. "Min" na nufin ni, in aka juya shi ya koma "nim", wato kai. A Amurka kuwa, Marc Okrand ya tsara yaren Klingon don fim ɗin Star Trek na 1984, ya birkice jerin jimla da gangan. Inda Bahaushe zai ce "Audu ya ci tuwo", su tuwon ke zuwa farko, Audu a ƙarshe. Ko ba ka jin yaren, kunne zai ba ka cewa magana ake yi.

Ba ma sai an je nesa ba. Yaran Sabon Birni da Isa, kamar sauran yaran ƙasar Hausa, suna zaurance, kuma da dokarsa. A wani salon, kowace gaɓa sai a bi ta da "b" da wasalinta, "gida" ya koma "gibidaba". Ka kuskure gaɓa ɗaya, a yi maka ele.

Sakacin ya shafi har yaren da ba ƙirƙirarre ba. Jarumi ya sha zanen Gobirawa a kunci, ya ce "wanga" sau ɗaya, sai ya zarce da Kananci. Alhali Bagobiri "yaro na, yarinya ta" yake cewa, ba "ne" da "ce" ba, kuma "munka zo", ba "muka zo" ba. Ɗan kallo a Isa nan take zai gano an yi masa ha'inci.

Furodusoshi, kafin a tafi lokeshin a ba marubuci takarda ya tsara wa aljanin kalmominsa da dokokinsu, Gobiranci kuma a tambayi masu shi. Gyara kayanka dai bai zama sauke mu raba ba.