Barewa 99 da doki 12,000: ku bar masu ƙasa su yi lissafinsu

1/ Duk sanda bidiyon dawakin dajin Amurka ya zagayo, geza na tashi, ƙura na bin su, sai a cika wurin sharhi da "Allah sarki, 'yanci". Da an ce wata ƙabila a can za ta rage su kuwa, sai zagi ya ɓarke: azzalumai, marasa imani. To ni ina bayan ƙabilar. Zaren da tsawo, ku gyara zama 🧵

2/ Sunansu Yakama, suna jihar Washinton a arewa maso yammacin Amurka. Suna cikin mutanen da Turawa suka tarar a nahiyar. A yarjejeniyar 1855 aka karɓe musu ƙasa sama da eka miliyan 10, aka bar musu yanki mai eka miliyan ɗaya da wani abu. A wannan yankin suna da majalisarsu, da dokokinsu, da ma'aikatan gandun dajinsu.

3/ A da can akwai wata irin barewa a ƙasar. Sunanta a wajensu pronghorn, ku nema ku ga hotonta. Kama kawai take yi da barewarmu, amma a jini raƙumin dawa ya fi kusa da ita. Tana gudun da ya kusa kilomita 90 a awa, babu dabbar tudu a nahiyar da ke kamo ta.

4/ Gudun bai cece ta ba. Harbi, noma da waya mai ƙaya suka taru a kanta, zuwa farkon ƙarni na 20 ta ƙare ƙaf a Washinton. Gwamnatin jiha ta sha gwada dawo da ita tun daga shekarun 1930, garken ya riƙa lalacewa har aka haƙura.

5/ Janairun 2011 Yakama suka ce bari su gwada da kansu. Suka kwaso barewa 99 daga jihar Nevada suka saka a ƙasarsu. A 2018 da 2019 suka ƙaro kusan wasu ɗari. Maƙwabtansu na Colville ma suka bi sahu daga 2016. Ƙirgen da aka yi ta jirgin sama a 2019 ya samu kusan 250 a yankin.

6/ Ku riƙe wannan 250 ɗin, za mu buƙace shi.

7/ A wannan fili dai akwai dawakin da ba su da mai su. Ba linzami, ba turke, ba makiyayi. Jami'an Yakama sun ƙiyasta su sama da 12,000, suka kuma ce makiyayar da suke ciki ba za ta ɗauki fiye da wajen 1,000 ba tare da ta lalace ba. Wato an gayyaci mutum ɗaya walima, goma sha biyu suka zo da yunwarsu.

8/ Wanda ya taɓa riƙe doki ya san cinsa. Yana da haƙoran gaba sama da ƙasa, yana aske ciyawa har ƙasa, saɓanin saniya da ke naɗo ta da harshe. Cikinsa kuma ba ya tatse abinci kamar na masu tuƙa, don haka sai ya ci da yawa. Ga kofato yana daddaɓe bakin rafi har ya zama kamar daɓen ɗaki.

9/ Ga haihuwa. Rahoton cibiyar kimiyya ta ƙasar Amurka na 2013 ya ce garken dawakin daji na ƙaruwa da kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari duk shekara. Shekara huɗu zuwa biyar ya ninka kenan. Ka yi shiru da 12,000 don tausayi, ka waiwayo ka tarar da 24,000.

10/ Wani zai ce ai doki ciyawa ya fi ci, barewar kuma ganye da ƙananan tsirrai, ina rigimar? Rigimar tana wajen ruwa, malam. Idan garken dawaki ya mamaye mashaya da rani, barewa tsayawa take nesa tana raɓe-raɓe, ta sha a tsorace ko ta tafi da ƙishinta.

11/ Sai maganar 'ya'ya, wadda ta fi damuna. Jaririn barewar nan a makonninsa na farko ba gudu ne ke tsare shi ba. Uwar na barinsa kwance cikin ciyawa ta tafi kiwo, ta dawo ta ba shi nono. Idan an aske ciyawar, kwance yake a fili kamar nama a faranti, dilan can da ake kira coyote kawai yake jira. Ka kashe kuɗi ka kwaso uwa daga Nevada, ɗanta ya zama karin kumallon dila.

12/ Kuma ba barewa kaɗai ke asara ba. Akwai saiwoyin daji da matan Yakama ke haƙowa tun kaka da kakanni, abincinsu ne na gargajiya da na bukukuwa. Akwai rafukan da kifi ke haurowa daga teku ya yi ƙwai. Duk wanda ke kallon doki a waya ba ya ganin waɗannan, saboda saiwa ba ta gudu da geza a iska.

13/ Me ya kawo cunkoson? Babban dalili: a 2007 aka rufe mayankar dawaki ta ƙarshe a Amurka, biyu a Texas, ɗaya a Illinois. Kafin nan mai rarar dawaki na da inda zai sayar. Da aka rufe, farashi ya faɗi, kama dokin daji ya zama aikin asara, wasu ma suka riƙa sakin nasu da suka gaza ciyarwa.

14/ Abin haushin, yankan bai tsaya ba. Aka koma loda su a manyan motoci zuwa Kanada da Meziko, tafiyar kwana da kwanaki. Dokin dai ya mutu, an ƙara masa wahalar hanya, masu fafutuka kuma sun yi barci da daɗi tunda ba a gabansu aka yi ba.

15/ (Ba fatawar cin naman doki na zo yi ba, a bar wa malamai wannan. Maganar fili nake.)

16/ Yakama sun fito fili sun goyi bayan a sake buɗe mayanka, aka yi musu ca. Masu yawan surutun nan suna birane, ba su taɓa taka makiyayar ba, ba su da ko akuya a cikinta. Amma su ne za su koya wa mutanen da ke hawan doki tun ƙarni na 18 yadda ake son doki. Haba jama'a.

17/ Ga doka ma. Dokar 1971 da ta kare dawaki da jakunan daji a Amurka ta shafi filayen gwamnatin tarayya ne, ba ta hau kan ƙasar ƙabilu ba. Saboda haka babu kasafin da ke zuwar musu ta wannan hanyar. Ba ka ba ni kuɗi ba, ba ka ba ni fili ba, amma kullum kana da ra'ayi a kan turkena.

18/ Ita gwamnatin da ke da kuɗin, me ta yi da nata? Tana kamawa tana tsarewa. Sama da doki 50,000 na killace, shirin na cin sama da dala miliyan 100 a shekara, mafi yawa a ciyar da na tsaren. Wannan ne ake so ƙabila ta kwaikwaya? Da wane aljihu?

19/ "A yi musu allurar hana haihuwa." Akwai ta, tana aiki a ƙaramin garke da ake iya kusanta. Sai dai ana maimaita ta bayan shekara ɗaya ko biyu, goɗiya bayan goɗiya. Je ka bi dubban goɗiyoyi cikin duwatsu da bindigar allura ka dawo ka ba mu labari. Kuma ko ta yi aiki, haihuwar gobe ta rage, bakunan yau suna nan suna ci.

20/ "A bar su, Allah zai ciyar da su." A 2018 a ƙasar ƙabilar Navajo da ke Arizona, kusa da Gray Mountain, an tarar da gawar doki 191 a wani tafki da fari ya busar. Sun shiga neman ruwa, taɓo ya riƙe su, suka mutu a nan ɗaya bayan ɗaya. Wannan bidiyon ba ya zagayowa da kiɗa a ƙarƙashinsa.

21/ Akwai inda masu adawa ke da gaskiya, kuma ba zan ɓoye ba. A filayen gwamnati shanun manyan masu kiwo sun fi dawaki yawa nesa ba kusa ba, kuma sau da yawa doki ake ɗora wa laifin saniya. Na yarda. A ƙirga kowa: doki, saniya, tunkiya. Amma wannan hujja ce ta a faɗaɗa ƙirge, ba ta wanke doki 12,000 a filin 1,000 ba.

22/ Kuma su kansu ƙabilun ba bakinsu ɗaya ba. A Navajo dattawa da yawa na ganin doki abu ne mai tsarki, ba su yarda a kai shi mayanka ba. A 2013 shugabansu Ben Shelly ya janye goyon bayansa ga yanka, a 2018 kuma aka soke farautar dawaki da aka shirya bayan mutane sun yi ƙorafi. Wannan gardamar 'yan gida ce, su za su kwana da sakamakonta.

23/ Suna da dalilin ƙin umarnin waje kuwa. Daga 1933, ƙarƙashin John Collier, gwamnatin Amurka ta tilasta wa Navajo rage dabbobi da sunan ceton ƙasa daga zaizaya. Aka karɓe tumaki da awaki da dawaki, wasu aka harbe aka bar su suna ruɓewa. Iyalai suka talauce. Jiya an zo daga waje an ce dole ku rage, yau an zo daga waje an ce kar ku kuskura ku rage. Duka biyun ba wanda ya tambayi mai gida.

24/ Na san wasu sun riga sun ɗaura ɗamarar juya zaren nan zuwa rikicin makiyaya na gida. Ku dakata. Saniyar da ke da makiyayi tana da mai lissafinta, mai sayar da ita idan rani ya tsananta, mai amsa ƙara idan ta yi ɓarna. Dawakin nan ba su da ko ɗaya. Shi ne ciwon.

25/ In misali na kusa kuke so, ga Chadi. Mariri, mai dogon ƙaho kamar takobi, an ayyana ya ƙare a daji a 2000. A 2016 aka fara dawo da shi daga Abu Dabi zuwa gandun Ouadi Rimé-Ouadi Achim, inda makiyaya ke kiwon raƙuma da shanunsu har yau. A Disamban 2023 aka cire shi daga jerin waɗanda suka ƙare a daji. Can akwai wanda za a zauna da shi a yi magana a kan rijiya da wutar daji. Dokin da ba mai shi, da wa za ka zauna?

26/ Mai son taimaka wa barewar Yakama da gaske, akwai aikin da ba ya buƙatar zagin kowa. Da wuya take tsallake shinge, ta ƙasa take bi. Wayar ƙasa ta zama marar ƙaya, a ɗaga ta kamar santimita 45, ta wuce abinta. Aiki ne na kuɗi da gumi, kilomita bayan kilomita.

27/ Mai son dawakin kuma, ƙofa a buɗe take. Ya faɗa mana nawa zai ɗauka cikin rarar 11,000, a wane fili zai zuba su, wa zai biya harawa na shekara ashirin, don doki na kaiwa haka har ya wuce. Ina nan a wurin sharhi, a zo da lamba.